Kuɗin Reno Da Rangwamen Haraji: Amsoshin Tambayoyin Iyaye Ma'aikata

Wasiƙun da suka iso wannan fili a 'yan makonnin nan sun karkata ne ga matsala guda, wato kuɗin da iyaye masu zuwa aiki suke biya domin a riƙe musu yara, da kuma abin da gwamnati take rage musu daga haraji saboda wannan ɗawainiya. Mafi yawan masu tambayar 'yan'uwanmu ne mazauna Amurka da Birtaniya, sai ɗaya daga gida Najeriya. Mun sakaya sunaye kamar yadda muka saba.

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni da maigidana duk muna aiki a nan New York, shi yana tuƙin mota, ni kuma ina kula da tsofaffi a gidajensu. Yaranmu biyu, babban yana da shekara biyar, ƙaramar tana da uku. Wata makwabciyarmu, mutuniyar kirki, ita ke riƙe mana su a gidanta, muna ba ta dala 250 duk mako hannu da hannu. Wata abokiyar aikina ta ce gwamnati tana mayar mata da kuɗin reno idan ta cike takardun haraji. Da na yi wa makwabciyata maganar, sai ta ce ba za ta ba ni lambar harajinta ba, kada in jawo mata fitina. Shin da gaske ake mayar da kuɗin, kuma yaya zan yi da ita? Daga Maman Biyu, Bronx.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Abokiyar aikinki ta faɗi gaskiya, amma ba ta faɗa miki girman abin ba, kuma gara ki san girmansa kafin ki ɓata da makwabciya a kansa.

Dokar harajin Amurka ta tanadi rangwame ga wanda ya biya kuɗi aka kula masa da yaro domin ya samu damar yin aiki ko neman aiki. Tun 1976 ake ba da shi a wannan siga, kuma ana nemansa ne da fom mai lamba 2441 da ake haɗawa da babbar takardar haraji ta shekara. Sharaɗi na farko shi ne yaron bai kai shekara 13 ba a lokacin da aka yi renon, kuma ya zauna tare da ke fiye da rabin shekara. Sharaɗi na biyu, ku biyun kuna da kuɗin shiga na aikin hannunku, kuma ku cike takardar haraji guda tare a matsayin mata da miji.

Gwamnati ba ta duban duk abin da kuka kashe. Iyakar abin da take lissafawa shi ne dala 3,000 a shekara idan yaro ɗaya ne, dala 6,000 idan biyu ne ko fiye, ko da yaran sun kai biyar. Ku kuna biyan kusan dala 13,000 a shekara, amma 6,000 kawai za a duba. Daga cikin wannan 6,000 ɗin kuma wani kaso ake ragewa. A lissafin shekarar haraji ta 2025, kason yana farawa daga kashi 35 cikin 100 ga wanda kuɗin shigarsa bai wuce dala 15,000 ba, yana raguwa sannu a hankali har ya tsaya a kashi 20 ga duk gidan da ya haura dala 43,000. Idan kuɗin shigarku ku biyun a haɗe ya haura wannan adadi, rangwamenku dala 1,200 ne. Dokar haraji da aka sanya wa hannu ranar 4 ga Yuli, 2025 ta ɗaga kason daga shekarar haraji ta 2026: mafi girmansa ya koma kashi 50, kuma ma'auratan da ke samun tsakanin kimanin dala 45,000 zuwa 150,000 za su sami kashi 35, wato dala 2,100 ga masu yara biyu. Iyakar 3,000 da 6,000 ɗin dai tana nan yadda take. Mai yiwuwa ma abokiyar aikinki shekarar 2021 take tunawa, lokacin annobar korona, da aka ɗaga iyakar zuwa dala 8,000 da 16,000 kuma aka riƙa biyan mutane rarar a hannu. Wannan na shekara ɗaya ne tak, ya wuce.

Akwai wani abu da ya kamata ki fahimta sosai, domin a nan ne masu ƙaramin ƙarfi suke shan takaici. Wannan rangwame daga harajin da ake bin ku ake cire shi. Idan harajin da ya hau kanku a shekara dala 700 ne, to 700 ɗin kawai zai share, ba za a biya ku sauran ba. A 2025 ma'aurata ba sa biyan harajin tarayya a kan dala 31,500 na farko na kuɗin shigarsu, don haka gidan da ke samun dala 30,000 a shekara, wanda ya fi kowa buƙatar taimako, ba ya amfana da komai daga wannan tanadi, duk da cewa a rubuce kason da aka ba shi ya fi na masu samu da yawa tsoka. A ganina wannan babban aibi ne a dokar, kuma gyaran 2025 bai taɓa shi ba. Sai dai ke kin yi sa'ar wurin zama: jihar New York tana da nata rangwamen na reno, ana nemansa da fom IT-216, kuma shi ana biyan mazauna jihar rararsa ko da ba a bin su haraji. Kada mai cike miki takardu ya tsallake shi.

Ki kuma lura da ɓangaren maigida. Idan yana tuƙi ne da ƙashin kansa, ribar da ta rage bayan ya cire kuɗin mai da gyara da inshora ita ce kuɗin shigarsa a idon hukuma, kuma kuɗin renon da za a lissafa ba zai wuce abin da mafi ƙarancin samu a cikinku ya samu ba. Direban da ya nuna cewa ribarsa ta shekara dala 2,000 ce domin ya guje wa haraji, ya rage wa gidansa wannan rangwamen da hannunsa.

Yanzu sai batun makwabciya, wanda shi ne ainihin damuwarki. Fom 2441 yana neman sunan mai reno, da adireshinta, da lambar harajinta. Hukumar haraji ta IRS tana da wata 'yar takarda, W-10, da ake miƙa wa mai reno ta cike waɗannan bayanai. Idan ta ƙi, doka ta ba ki damar rubuta sunanta da adireshinta, ki haɗa da bayanin cewa kin nemi lambar an hana ki, kuma ana iya ba ki rangwamen a haka. To amma ki sani cewa idan kin yi hakan kin sanar da hukuma cewa wance tana karɓar dala 13,000 a shekara, alhali ita ba ta bayyana ba. Ban ba ki shawarar ki yi wannan a bayan idonta ba. Matar da kika amince wa da 'ya'yanki tun safe har dare ta cancanci ki zauna da ita ki faɗa mata abin da kike niyyar yi, kuma dala 1,200 ba ta kai a rasa amintacciyar mai reno a kanta ba.

Abin da nake so ki kai mata shi ne cewa ɓoyewar ita ma tana cutar da ita. Doka ta wajabta wa duk mai sana'ar kansa da ribarsa ta kai dala 400 a shekara ya bayyana, ko kin nemi rangwame ko ba ki nema ba. Idan ta bayyana, za ta iya cire kuɗin abincin yara da kayan wasa da wani ɓangare na kuɗin gida daga abin da za a yi wa haraji, kuma shekarun nan za su shiga lissafin fanshonta na gwamnati, wanda sai mutum ya tara kimanin shekara goma na aikin da aka rubuta kafin ya cancanci karɓa. Mata da yawa a unguwanni irin naku sun tsufa suna renon 'ya'yan mutane, ranar da ƙarfi ya ƙare aka duba ba a ga sunansu a ko'ina ba. Idan kuma tsoronta na takardun zama ne, wannan magana ce ta lauyan shige da fice, kada ki matsa mata, kuma kada ki yanke mata hukunci da kanki. A irin wannan hali ki haƙura da rangwamen bana, ki yi shawara da maigida ko za ku ci gaba a haka.

Abu ɗaya da nake roƙonki kada ki yarda da shi: wasu masu cike takardun haraji a shaguna sukan ce su za su samo suna da lamba su sa a gurbin mai reno. Ke ce mai sa hannu a takardar, ke za a tuhuma. Akwai cibiyoyin sa-kai da ake kira VITA, waɗanda ke cike wa masu matsakaicin samu takardu kyauta, ana samunsu a ɗakunan karatu da cibiyoyin unguwa daga ƙarshen Janairu zuwa tsakiyar Afrilu. Daga wannan makon kuma, ko da makwabciyar ba ta amince ba tukuna, ki riƙa tura kuɗin ta banki, ko ki sayi ɗan littafin rasit ta riƙa sa hannu duk Juma'a, da kwanan wata da sunayen yaran.

Tambaya: Malam, barka da aiki. Matata ta haihu, mun ɗauko mahaifiyata daga Kano da bizar ziyara ta wata shida domin ta taimaka, tunda matar za ta koma aikin asibiti. Ina ba Hajiya wani abu duk wata. Zan iya sa wannan a matsayin kuɗin reno? Sannan babban ɗanmu mai shekara tara yana Kano wurin ƙanwata yana makaranta, ina tura kuɗin ɗawainiyarsa. Shi fa? Daga wani magidanci, Houston.

Amsa: Allah Ya raya, Malam, Ya kuma ƙara wa Hajiya lafiya. Amsar duka biyun ita ce a'a, amma dalilansu daban.

Dokar ba ta hana a biya dangi ba. Kaka ko inna ko gwaggo suna iya zama masu reno a lissafa kuɗin da aka ba su. Waɗanda aka haramta su ne matarka, da uwa ko uban yaron, da ɗanka wanda bai kai shekara 19 ba a ƙarshen shekarar, da duk wanda ka rubuta a takardar haraji a matsayin wanda kake ɗauke da nauyinsa. Da Hajiya tana da takardar zama da izinin aiki, kuma ba ka rubuta ta cikin waɗanda kake ciyarwa ba, da babu matsala. Amma bizar ziyara ba ta ba mutum izinin yin aikin da za a biya shi ba. Idan ka rubuta wa gwamnati da hannunka cewa ka biya mahaifiyarka ladan reno, ka kafa shaidar cewa ta karya sharaɗin bizarta, kuma hakan na iya rufe mata ƙofar dawowa ganin jikokinta. Abin da kake ba ta kyautatawa ce ta ɗa ga mahaifiya, ka bar shi a haka. Rangwamen yaro ɗaya a 2025 ga gida irin naku dala 600 ne kacal.

Game da yaron da ke Kano, sharaɗin shi ne ya zauna tare da kai fiye da rabin shekara, sannan kuɗin ya kasance na reno ne domin ku samu zuwa aiki. Kuɗin makaranta da na abinci da ake tura wa gida ba su shiga wannan babi ba, ko da yaron ɗan ƙasar Amurka ne.

Shawarata ita ce ku fara shirin ranar da Hajiya za ta koma. Matarka ta tambayi ofishin ma'aikata na asibitinsu ko suna da asusun reno da ake cire wa kuɗi daga albashi kafin a yanke haraji. Iyakarsa ta daɗe a dala 5,000 ga gida tun 1986, sai daga 2026 ta koma 7,500. Amfaninsa shi ne kuɗin da aka zuba ciki ba a yi masa harajin kuɗin shiga, ba a kuma cire masa kashi 7.65 na fansho da lafiyar tsofaffi. Sai dai duk dalar da ta bi ta wannan asusu ana rage ta daga iyakar 3,000 ko 6,000 ta rangwamen, ba a cin riba biyu a kan kuɗi ɗaya, kuma abin da ba a kashe ba har wa'adi ya cika yakan salwanta. Haihuwa tana cikin dalilan da ke ba ma'aikaci damar shiga asusun a tsakiyar shekara, amma kwanakin da ake bayarwa kaɗan ne, don haka ta tambaya da wuri. Jihar Texas ba ta karɓar harajin kuɗin shiga, saboda haka babu wani rangwamen jiha da za ku jira.

Tambaya: Ina biyan kuɗin Islamiyya ta Asabar da Lahadi, da kuma na sansanin hutun bazara da masallacinmu ke shiryawa. Ni ɗaliba ce a makarantar koyon aikin jinya, mijina ne kaɗai ke aiki. Muna da rabo? Daga wata 'yar'uwa, Maryland.

Amsa: Kuna da rabo, Malama. Wadda ke karatu na cikakken lokaci a cikin watanni biyar na shekara ko fiye, doka tana ɗaukarta tamkar tana samun dala 250 a kowane watan karatu idan yaro ɗaya ne, ko dala 500 idan biyu ne ko fiye. Idan kin yi wata tara a makaranta da yara biyu, za a lissafa muku har dala 4,500. Sansanin da yara ke zuwa da safe su dawo da yamma yana shiga, muddin a lokacin kina aji shi kuma yana wurin aiki. Wanda ake kwana a can ba ya shiga ko kaɗan. Islamiyyar ƙarshen mako karatu ce, kuma galibi kuna gida a lokacin, don haka kada ki sa kuɗinta a lissafin. Ki karɓi rasit daga masallacin mai ɗauke da sunansa da adireshinsa. Idan ƙungiya ce da aka yafe wa haraji, ana rubuta hakan a gurbin lamba.

Tambaya: Salam Malam. Na zo Ingila da bizar aikin kula da marasa lafiya, mijina ya biyo ni da 'yarmu mai shekara biyu. Kuɗin gidan reno ya kusa cinye albashina. Turawan da muke aiki tare suna cewa gwamnati tana biya musu kashi ɗaya cikin biyar. Muna biyan haraji kamar kowa, to me ya sa da na gwada nema aka ƙi ni? Daga Maman Ɗaya, Manchester.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Wasiƙarki ta taɓa ni, domin dubban 'yan Najeriya da suka shiga Birtaniya ta wannan hanyar suna cikin irin halinki, kuma amsar ba mai daɗi ba ce.

Shirin da abokan aikinki suke nufi sunansa Tax-Free Childcare, an fara shi a 2017. Iyaye suna buɗe asusu ta intanet, duk fam 8 da suka zuba gwamnati ta ƙara fam 2, har zuwa fam 500 a kowane wata uku, wato fam 2,000 a shekara ga kowane yaro, ko 4,000 ga yaro mai naƙasa. Daga asusun ake biyan gidan reno kai tsaye, kuma dole wurin ya kasance mai rajista, wanda a Ingila hukumar Ofsted ce ke yi wa mafi yawansu. Ana buƙatar uwa da uba duk suna aiki, kowannensu yana samun aƙalla kwatankwacin mafi ƙarancin albashi na awa 16 a mako, kuma babu wanda ya haura fam 100,000 a shekara. Duk wata uku sai an shiga asusun an tabbatar da cewa bayanai ba su canja ba, in ba haka ba ƙarin ya tsaya.

Abin da ya hana ki shi ne sharaɗin da ke kan bizarki, wanda ya ce ba ki da izinin cin gajiyar kuɗin tallafin gwamnati. Mai neman wannan shiri dole ya kasance ɗan Birtaniya ko Ireland, ko mai matsayin zama na tsarin da aka yi wa 'yan Tarayyar Turai, ko wanda takardarsa ta ba shi izinin karɓar tallafi. Idan ɗaya daga cikin ma'aurata yana da wannan matsayi, shi ne zai nema a madadin gidan. Amma tunda mijinki a ƙarƙashin bizarki ya shigo, ku biyun sharaɗi ɗaya ke kanku. Haka abin yake ga tallafin Universal Credit, wanda ke mayar wa masu ƙaramin albashi har kashi 85 cikin 100 na kuɗin reno, da kuma awa 30 na reno kyauta da aka faɗaɗa a Ingila a Satumban 2025 ga 'ya'yan ma'aikata tun daga wata tara. Ni ina ganin rashin adalci ne a ce mace tana wanke tsofaffin ƙasa da dare, ana cire mata haraji tun kafin albashi ya iso hannunta, sannan a hana 'yarta abin da ake bai wa 'yar abokiyar aikinta. Amma haka dokar take a yau, kuma ina gargaɗinki da babbar murya kada ki sake gwadawa da wasu bayanai na daban, domin karɓar abin da bizarki ta hana yana iya zama dalilin ƙin sabunta ta ko hana ki zaman dindindin.

Ga abin da kike da haƙƙi a kai. Kowane yaro mai shekara uku ko huɗu a Ingila yana da awa 15 na reno kyauta a mako, na tsawon mako 38 a shekara, wato awa 570, ba tare da duban bizar iyayensa ba. Yana farawa ne a zangon karatu da ya biyo bayan cikarta shekara uku, kuma zangunan suna kamawa a Janairu da Afrilu da Satumba, saboda haka ki yi wa gidan renon magana tun yanzu su ajiye mata gurbi. Wasu wuraren suna yarda a shimfiɗa awoyin a kan duk shekara, su zama kusan awa 11 a mako, wanda ya fi dacewa da mai aikin da ba ya bin hutun makaranta. Akwai kuma awa 15 ga wasu yara masu shekara biyu, wanda aka buɗe wa iyalai masu irin sharaɗinki idan kuɗin shigarsu bai wuce wata iyaka ba. Ofishin ƙaramar hukumarku ne ke tantancewa, ki je da takardun albashinku ki tambaya. Sannan ki kwatanta farashin gidan renon da na mata masu rajista da ke riƙe yara kaɗan a gidajensu, domin sau da yawa sun fi sauƙi kuma sun fi yarda da lokutan masu aikin kwana. Ranar da Allah Ya ba ku takardar zaman dindindin, sharaɗin zai sauka, kuma shirin yana ci har zuwa 1 ga Satumba bayan yaro ya cika shekara 11, ya haɗa har da kuɗin kula da yara bayan tashi daga makaranta.

Tsohon tallafin da ake kira Working Tax Credit, wanda wasu tsofaffin mazauna za su ba ki labarinsa, an rufe shi gaba ɗaya ranar 5 ga Afrilu, 2025.

Tambaya: Malam, ni ma'aikaciyar banki ce, ina biyan gidan reno da kuma yarinya mai taya ni aiki. Da sabuwar dokar haraji da aka yi, akwai wani sassauci ga iyaye mata irina? Daga wata mai karatu, Kaduna.

Amsa: Malama, babu. Dokar harajin da Shugaba Bola Tinubu ya sanya wa hannu ranar 26 ga Yuni, 2025, wadda ta fara aiki ranar 1 ga Janairu, 2026, ta yafe haraji a kan naira 800,000 na farko na kuɗin shigar shekara, kuma ta ba mai haya damar cire kashi 20 cikin 100 na kuɗin hayarsa, iyaka naira 500,000. Ana kuma cire kuɗin fansho, da na asusun gidaje na ƙasa, da na inshorar lafiya da ta rai. Kuɗin reno ba ya cikin jerin. Abin da Dokar Ƙwadago ta ba ki shi ne hutun haihuwa na mako 12, da rabin awa sau biyu a rana domin shayarwa bayan kin koma aiki.

An gina tsarin namu a kan zaton cewa a kowane gida akwai kaka ko ƙanwa da za ta riƙe yaro, alhali ma'aikaciyar da aka yi wa sauyin wurin aiki daga garinsu zuwa Kaduna ko Abuja ba ta da kowa kusa. Ina ganin lokaci ya yi da ƙungiyoyin ƙwadago da mata 'yan majalisa za su ɗauki wannan batu, tunda an riga an amince cewa haya nauyi ce da ta cancanci sassauci. Kafin nan, ki tabbata kin miƙa shaidar biyan hayarki ga sashen albashi na wurin aikinki, domin ba a ba da sassaucin haya sai wanda ya bayyana abin da ya biya.

Tambaya: Shekara uku ina biyan gidan reno mai rajista, duk rasit suna hannuna, amma ban taɓa sanin da wannan rangwame ba. Ya wuce ke nan? Daga wani bawan Allah, Chicago.

Amsa: Bai wuce ba, Malam. Ana gyara takardar harajin da aka riga aka miƙa da fom 1040-X, a haɗa da fom 2441 na wannan shekarar, kuma kowace shekara da nata gyaran daban. Wa'adin neman a mayar maka da kuɗi shi ne shekara uku daga ranar da ka miƙa takardar asali, kuma wanda ya miƙa da wuri ana lissafa masa daga ranar rufewa ta tsakiyar Afrilu. Ka fara da shekarar da ta fi tsufa, domin ita ce wa'adinta zai fara cika. Ka nemi gidan renon ya ba ka takardar jimillar abin da ka biya a kowace shekara tare da lambar harajinsu, sannan ka duba akwati na 10 a takardar albashinka ta W-2, ko wurin aikinka ya taɓa biya maka wani abu na reno, domin sai an cire shi kafin a yi lissafi.